Babi na Biyar: A Rubuta Sau Ɗaya

Duk mai son sanin inda lokacin malami yake tafiya ya leƙa ofishin malamai a mako biyun ƙarshe na zangon karatu. Da wuya ya tarar ana muhawara a kan yadda za a fahimtar da yaro rabawa ko nahawu. Abin da zai gani tebur ne shaƙe da takardu, da rula, da jan biro, da kalkuleta wadda maɓallanta suka koɗe, da kwalbar tifes tana yawo hannu-hannu. Wannan yana kiran lamba, wancan yana rubutawa. Malamin darasi ya riga ya sa maki a kan takardar jarrabawar kowane yaro, ya kwafe shi cikin littafin maki, ya haɗa da na gwaje-gwajen zango, sannan ya sake kwafe jimillar a takardar da zai miƙa wa malamin aji. Shi kuma malamin aji ya kwafe ta cikin babbar takardar sakamako, ya tara, ya raba, ya jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ya koma ya kwashe komai zuwa katin kowane yaro. Lamba ɗaya sai ta bi ta bakin biro sau huɗu ko biyar kafin ta isa gaban uba. Idan kuwa a ranar ƙarshe aka gano takardar wani yaro da ta maƙale cikin ta wani aji, jimillarsa ta canza ke nan, matsayinsa ya canza, duk waɗanda ya tsallake kuma sai an goge nasu an gyara.

Wannan wahala tana da asali mai kyau. Tsarin ilimi na ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ya zo da shawarar a daina yanke wa yaro hukunci da jarrabawar rana ɗaya, a riƙa auna shi a kai a kai, a haɗa awon cikin sakamakonsa. Shi ne abin da malamai suke kira si'e. Shawara ce ta adalci, sai dai tana tafiya ne da irin ajin da tsarin yake nufi, wato yara 35 ga malami ɗaya a firamare, 40 a sakandare. A makarantun gwamnati na cikin Kano ko Kaduna ko Sakkwato, aji mai ninkin wannan adadi ba ya ba kowa mamaki. A ƙaddara malamar lissafi tana da aji huɗu, kowanne da yara 80, tana ba da gwaji biyu da aikin gida ɗaya da jarrabawa. Maki 1,280 ke nan a zango. In ta kwafe kowanne sau biyu kawai bayan rubutun farko, lamba 3,840 ta rubuta da hannunta, kuma a kowane kwafi akwai damar 17 ta koma 71. Malamin aji mai yara 80 da darussa 12 yana da gida 960 da zai cike kafin ya fara tarawa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan awanni da ya ƙara wa wani yaro sani. Hujjar wannan babi a nan ta tsaya: amfanin waya ko kwamfuta ga tsarin aikin malami ana auna shi da yawan kwafin da ta kashe. Manhajar da ta sa aka rubuta abu sau ɗaya aka ci moriyarsa sau da yawa ta cancanci a koye ta. Wadda ta ƙara wani gurbin cikewa a kan waɗanda ake da su, komai kyan launinta, ƙarin kaya ce.

Manhajar da ta fi dacewa da wannan aiki, a cikin aji aka samo tunaninta. A ƙarshen shekarun 1970 wani ɗalibin makarantar kasuwanci ta Harvard a Amurka, Dan Bricklin, ya gaji da irin lissafin da in aka canza lamba ɗaya sai an sake duk waɗanda suka dogara da ita. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, wadda daga bayanta aka samu Excel da Google Sheets da takwarorinsu. Yadda take aiki bai wuce tunanin wanda ya taɓa ja wa littafin maki layi ba. Sunayen yara a layin tsaye na farko, gwaji na ɗaya a na biyu, gwaji na biyu a na uku, haka har jarrabawa. A gidan jimilla na yaron farko, maimakon lamba, sai a rubuta umarnin a tara gidajen da ke gabansa, a ja wannan umarni har ƙasa, jimillar yara 80 ta fito lokaci guda. Wani umarnin ya fitar da matsayi, wani ya sa harafin daraja, wani ya shafa wa duk makin da bai kai 40 ba jan launi. Takardar nan da aka gano a ranar ƙarshe, gida ɗaya za a gyara, matsayin kowa ya daidaita da kansa. Jerin sunayen da aka buga a makon farko kuwa shi zai yi aikin littafin maki, da babbar takarda, da jerin masu biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da jerin wurin zama ranar jarrabawa, ya kuma bi yaran zuwa aji na gaba. Duk wannan ana yin sa a wayar hannu mai matsakaicin kuɗi, da Sheets ko WPS Office, ko da yake babu shakka a kwamfuta ya fi sauƙi a ido.

Lokacin da aka tsira da shi riba ce, amma akwai wadda ta fi ta. Malamin da yake kwafar lamba ba ya karanta ta. Hankalinsa yana kan kada ya tsallake layi. Sai lambobin sun zauna wuri ɗaya, ana iya juya su yadda ake so, sannan suke fara faɗin wani abu. Idan malama ta shigar da makin kowace tambaya daban a gwaji guda, ta duba layin tambaya ta huɗu ta ga ja daga sama har ƙasa, ta san matsalar ba ta yara 60 ba ce, darasin ne bai shiga ba, sai a sake shi ta wata hanya kafin a wuce. Idan ta jera zango uku kusa da juna, yarinyar da ta sauko daga 70 zuwa 55 zuwa 42 za ta fito fili, alhali a katinta na kowane zango an rubuta mata ta ci, babu wanda ya lura tana zamewa. Haka rajista. A takarda, rashin zuwan yaro ɗan zagaye ne a tsakiyar ɗaruruwan karkatattun layuka, ana tara shi ƙarshen mako a manta. A jadawalin lissafi ana iya ware shi rana-rana, sai a ga cewa a gari irin Maigatari, inda kasuwa take ci ranar Alhamis, wasu yaran ba fashi suke yi barkatai ba, rana ɗaya suke ɓacewa kowane mako. Wanda ya san haka ba zai sa gwaji ranar ba, kuma idan ya je wurin mahaifin yaro zai je da magana takamaimai: Alhaji, Alhamis tara a jere ba mu ga Sani ba. Irin wannan magana tana da nauyin da “yaronka ba ya zuwa makaranta” ba ta da shi.

Shirin darasi ma haka yake, sai dai an fi yin gardama a kansa. A makarantu da yawa malami yana rubuta shirin darasin kowane mako da hannu, a kai wa mataimakin shugaba ya sa hannu, shekara ta zagayo ya ɗauko tsohon littafin ya kwafe cikin sabo, har da kurakuran da ke ciki. Da a fayil yake, abin da zai yi shi ne ya buɗe na bara, ya karanta 'yar manuniyar da ya bar wa kansa a ƙasa, cewa misali na biyu ya rikita yara ko kuma lokaci bai isa ba, ya gyara wurin. Shekara uku ana haka, darasin ya goge. Sharaɗin kawai shi ne a iya gano fayil ɗin. Folda ɗaya ga kowane aji, a cikinta ta kowane zango, sunan fayil ya fara da lambar mako sannan batun darasi. Wayar da ke ɗauke da takardu ɗari masu suna “sabo”, “sabo na biyu”, “na ƙarshe”, ba ta fi kwalin takardu a ƙarƙashin gado tsari ba. Kalandar waya kuma ta ɗauke wa ƙwaƙwalwa riƙon ranakun gwaji, da ranar miƙa tambayoyin jarrabawa, da ranar taron iyaye, muddin an zauna a makon farko an shigar da su gaba ɗaya.

Mai karatu da ya san tarihin kwamfuta a makarantu zai ce an sha yin irin wannan alkawari. Gaskiya ne, kuma shaidar tana gefensa fiye da yadda 'yan kasuwar manhaja suke so a sani. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda a Nijeriya ma aka gwada shi a wata firamare a Galadima, kusa da Abuja. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012, a makarantu sama da 300, bai ga wani ci gaba a makin lissafi ko na harshe ba. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilimi shi ma ya nuna cewa ƙwaƙƙwarar shaida a kan amfanin waɗannan kayayyaki ba ta da yawa, kuma wani kaso mai yawa na wadda ake yaɗawa daga masu sayar da kayan ta fito. Amma a lura da abin da waɗancan shirye-shirye suka yi fata: na'ura ta koyar da yaro. Abin da ake nema a nan ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa ya fi tabbas. Babu buƙatar wani bincike kafin a yarda cewa na'ura ta fi mutum saurin tara lamba 960 ba tare da kuskure ba. Ko awannin da aka samu za su koma ilimi a kan yara, wannan ya rage ga malamin, kuma babu manhajar da za ta ɗauke masa wannan nauyi.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin daga ƙasar da ta wadata da kwamfuta ta fito. A 2014 ma'aikatar ilimi ta Ingila ta tambayi malamai abin da yake cinye musu lokaci a banza, ta samu amsa sama da dubu 43. Manyan abubuwan da suka fito su ne shigar da bayanai da bin diddiginsu, da yawan duba aiki dalla-dalla, da rubuta shirin darasi mai tsawo don a nuna wa na sama. Waɗannan malamai ba kwamfuta suka rasa ba. Abin da ya faru shi ne da tattara bayanai ya yi sauƙi, sai ƙishirwar shugabanni ta ƙaru: abin da a da ake nema sau ɗaya a zango ya koma kowane 'yan makonni, a siffa daban-daban, don ofisoshi daban-daban. Kwamitin da aka kafa a kan batun ya ba da shawara a 2016 cewa a tattara bayani sau ɗaya a yi amfani da shi sau da yawa, a kuma daina neman wanda ba a san abin da za a yi da shi ba. Mu namu salon cutar ya ma fi muni. Makaranta za ta sayi manhajar sakamako, a umarci malamai su shigar da maki a ciki, amma littafin maki yana nan, babbar takarda tana nan, katin hannu yana nan, domin mai duba makarantu su zai tambaya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Malamin da ya ce kwamfuta ta ƙara masa aiki a irin wannan makaranta ba ƙyuya yake yi ba, lissafinsa daidai ne. Sukar ba ta rushe hujjarmu ba, ita ce ma ta nuna sharaɗinta: ranar da aka kawo sabon kayan aiki, a ranar ya kamata a ambaci sunan littafin da aka yi wa ritaya.

Masu dagewa a kan rubutun hannu suna da dalilinsu, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Sun ce malamin da aka bari ya kawo shirin darasi a buge zai sauko da na wani daga intanet ya canza suna, ko ya sa ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ta rubuta masa cikin minti ɗaya, ya shiga aji bai san abin da ke ciki ba. Wannan yana faruwa. Ana ganin shirin darasi a ƙauyen da ba a taɓa ganin jirgin ƙasa ba, misalansa duk na tashar jirgi ne da farashin kayan da yaran ba su san su ba. Sai dai rubutun hannu bai taɓa hana kwafi ba. Ya sa shi ya ɗauki dare guda ne kawai maimakon minti biyar. Malalacin malami ya daɗe yana aron littafin abokinsa. Hanyar gane wanda ya shirya ita ce a zauna a bayan ajinsa na minti ashirin, ko a tsayar da shi a tambaye shi: Malam, wane wuri ne yara suka fi tuntuɓe a wannan darasi, me ka tanada? Wanda ya kwafa, da hannu ko da na'ura, ba zai iya amsawa ba. Ita kuwa manhajar da ke rubutu, ana iya sa ta ta kawo tambayoyin gwaji ashirin a zaɓi biyar, ko ta ba da wata hanyar bayani idan ta farko ta ƙi. Tana kuskure cikin cikakkiyar natsuwa, musamman da Hausa da kuma a kan abin da ya shafi tarihinmu da addininmu, don haka duk abin da ta kawo sai an bi shi layi-layi kamar aikin ɗalibi.

Manhajar da kusan kowane malami yake da ita kuwa, ita ce ta fi kowace cin lokacinsa. WhatsApp ya sauƙaƙa isar da sanarwa, babu musu, kuma a watannin da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, shi da rediyo ne suka riƙe ɗan abin da aka riƙe. Amma a dubi guruf ɗin malamai na kowace makaranta. Shugaba ya turo sanarwar canjin ranar miƙa maki da ƙarfe takwas na safe. Kafin azahar ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, da ta'aziyya wadda mutum talatin suka amsa ɗaya bayan ɗaya, da bidiyon wa'azi, da tallan atamfa da turaren wuta. Rabin malamai ba su gani ba, ranar ta zo a yi ta cacar baki. Ga guruf ɗin iyaye, inda ƙarfe sha ɗaya na dare wata uwa za ta turo saƙon murya: Malama, don Allah Abba ya ce an ba su aiki bai gane ba. Binciken Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya a kan ma'aikatan ofis ya nuna cewa wanda aka katse masa aiki yakan ɗauki sama da minti 20 kafin ya koma kansa. Malamin da yake duba takardu waya tana ƙara a gefensa, awa biyunsa ba su kai awa ɗaya ba. Gyaran ba ya cin ko sisi. A ware guruf na sanarwa wanda shugabanni kaɗai suke iya rubutu a ciki, a bar na zumunci daban ga mai so. A kashe ƙarar saƙo lokacin duba aiki. A gaya wa iyaye tun farkon zango, cikin ladabi, lokacin da ake amsa saƙo. Faransa sai da ta kai ga yin doka, wadda ta fara aiki a 2017, tana tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki. Makaranta ba ta buƙatar majalisa kafin ta yi wa malamanta wannan adalci.

Saura maganar wuta da data, wadda duk wanda ya tsallake ta bai san ƙasar da yake magana a kai ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda babu lantarki saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data, albashin malamin firamare kuwa kowa ya san yadda yake. Ga ƙwacen waya, wanda a Kano ya zama abin da ake yi wa juna gargaɗi a kansa kullum. Abin da wannan yake koyarwa shi ne yadda za a zaɓi kayan aiki. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet ba ta malamin ƙauye ba ce, ba ma ta na birni ba ce. Jadawalin lissafi da fayil ɗin rubutu suna aiki babu layi, nauyinsu kuma bai kai na hoto ɗaya ba, don haka tura kwafinsu ma'ajiyar intanet sau ɗaya a mako bai kai kuɗin kallon bidiyo guda ba. Google yana ba kowane asusu gurbin gigabait 15 kyauta, wanda takardun malami na tsawon aikinsa ba za su cika ba. Abin da yake a waya ɗaya kawai, a ɗauka ya ɓace. Takarda ma tana da nata ajalin, gara da ɗigar rufi da ambaliya irin wadda ta mamaye Maiduguri a Satumba na 2024. Hankali shi ne a buga sakamakon ƙarshen zango a shagon buga takardu, a sa hannu, a adana. Bugawa ba kwafi ba ce, injin ne ya yi wahalar. Kiran suna da safe kuwa, inda ba a da tabbacin caji, a bar shi a rajistar takarda, a shigar da waɗanda ba su zo ba kawai a ƙarshen mako.

Wasu jihohi sun bi wata hanyar. Edo ta fara shirin EdoBEST a 2018, Legas ta biyo da EKOEXCEL a 2019, inda aka ba malaman firamare ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana a rubuce, tana kuma nuna wa ofis lokacin da malami ya iso da inda ya tsaya a darasi. Inda rashin zuwan malamai ya yi katutu, ko inda malamin bai mallaki abin da zai koyar ba, wannan yana da fa'idar da ba za a musa ba, kuma ya kashe kwafin shirin darasi gaba ɗaya. Amma fuskar irin wannan na'ura tana kallon ofis ne. Bayanin da take tarawa sama yake tafiya. Abin da ya dace a tambayi duk mai kawo irin wannan shiri shi ne ko malamin ajin zai iya buɗewa ya ga tarihin yaransa yadda jami'in hedikwata yake gani, ko kuwa shi aikinsa ciyar da na'ura. In na biyun ne, an mai da shi magatakarda ta sabuwar hanya.

Akwai kuma amana. Makin yaro, da rashin lafiyarsa, da bashin kuɗin makaranta da ake bin mahaifinsa, sirrin gida ne da aka damƙa wa malami. Ɗaukar hoton babbar takardar sakamako a watsa a guruf ɗin iyaye, kowa ya ga ɗan wane ne ya zo na ƙarshe, cin fuska ne ko da ba a nufa ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, wadda ta ba bayanan yara kulawa ta musamman, amma tun kafin doka kunya ta hana. A sa wa waya lambar sirri, a tura wa kowane uba na ɗansa kaɗai, kada kuma a zuba sunayen yara cikin kowace manhajar kyauta da ba a san mai ita ba.

Ana yawan cewa dattawan malamai ba za su iya ba. Mutumin da yake tura kuɗi ta waya, yake sauraron tafsiri a cikinta, yake aika saƙon murya ga 'ya'yansa, ba basira ce ta gaza masa ba. Ba a taɓa nuna masa abin da zai rage masa wahala ba. Bitar da aka saba yi, ta kwana uku a babban ɗaki, ana nuna manhaja goma a bango, a raba kuɗin mota a watse, da wuya ta bar wani abu a hannun kowa. Abin da yake kamawa shi ne wani ƙaramin malami ya zauna kusa da shi da ainihin littafin makinsa, su shigar da aji ɗaya tare, ya ga matsayin yara ya fito da kansa. Daga nan shi zai riƙa neman a ƙara masa. Zamani ma ba jira yake yi ba: JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC kuma ta intanet take karɓar makin si'e daga makarantu, wato lambobin nan dole wani ya buga su a ƙarshe, ko malamin da ya san yaran, ko yaron shago da bai san Hassan daga Husaini ba.

Malami shi kaɗai yana iya gyara foldarsa da kalandarsa, ya kashe ƙarar wayarsa, ya fara da aji ɗaya a zangon nan. Abin da ba zai iya ba shi ne yi wa littafi ritaya, domin ba shi ya wajabta shi ba. Wannan yana hannun hedimastoci da shugabannin sakandare, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da masu duba makarantunsu. Abin da ake roƙo a wurinsu shi ne su fitar da umarni a rubuce cewa littafin maki, da babbar takardar sakamako, da shirin darasi, in an buga su an sa hannu, karɓaɓɓu ne, kada wani jami'i ya sake neman na hannu a kansu. Takarda ce mai shafi ɗaya, ba ta buƙatar kwangila.